Baba Inusah da Ajiyar Bature

Ƙarfe bakwai saura kwata yake fitowa daga gininmu na unguwar Morrisania a New York, da 'yar jakar fata a hammata da fulas ɗin shayi a hannu. Ya hau bas, ya hau jirgin ƙasa, kafin takwas yana Canal Street. Shagon nasa wani lungu ne a ƙarƙashin matakala, tsakanin mai agoguna da teburin Hajiya Zeinabou mai jakunkuna. In mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya tsaya a karkace. Yana buɗewa zai share ƙofa, ya jona ƙarfen dalma ya bar shi ya yi zafi, ya saka tabaransa da aka ɗaure da zare, ya jawo rediyon da ke kan layi. Rediyo, rikoda, amfilifaya, duk wani abu mai fitar da murya in ya yi shiru, wurin Baba Inusah ake kai shi. Shekara goma sha huɗu ke nan yana haka. Ranar sha biyu ga wannan wata na Disamba zai rufe lungun ya koma Kumasi, shi ya sa aka ce a rubuta masa jinjina a mujallar ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan.

Wannan ne rubutuna na farko da zai shiga hannun mutane, ku yi mini afuwa inda na yi tuntuɓe. Kuma gara in faɗa tun yanzu: har watan Satumbar da ya wuce, ni ma ina cikin masu yi masa kallon ɓarawo.

Ga wanda bai san tushen maganar ba, sai mun koma Ingila. A 1985 wasu matasa huɗu a wani ƙaramin gari na arewacin ƙasar suka kafa ƙungiyar kiɗa, suka sa mata suna The Harwick Lamps. Maza uku ne da mace ɗaya mai ganga. Ba su taɓa cika filin ƙwallo ba, kuma babu wani babban kamfani a bayansu. A garejin kawun ɗayansu suka ɗauki faifansu na farko, su da kansu suka liƙa bangonsa da gam. Amma 'yan tsirarun da suka so su, so ne ba na wasa ba. Suna kwafar kaset suna miƙa wa juna, suna buga wata 'yar mujalla da fotokwafi suna aikawa ta gidan waya, suna gardama a kan kowane baiti. Na saurari faifansu guda biyu. Ni dai jita na ji tana kuka, da wani mutum yana waƙa kamar wanda mura ta kama. Amma ba hukunci a kan kiɗa ya kawo ni ba. Mai muryar murar sunansa Owen Tarling, kuma shi ke rubuta musu waƙoƙin.

A 1989 suka fara zuwa New York, kuma ranar da suka sauka amfilifayarsu ta ƙone. Wutar nan ba irin ta Ingila ba ce, aka kuma haɗa su da tiransifoma marar kyau. Shaguna uku suka buɗe ta, suka ga kayan cikin ba irin na Amurka ba ne, suka mayar da murfi. Baba kuwa a Kumasi ya koyi aiki, a kan rediyoyin Ingila, wutar Gana da ta Ingila kuma iri ɗaya ce. Kafin la'asar ya tayar da ita. Tun daga nan, duk zuwan da suka yi sai sun biyo ta lungunsa.

A 1991 suka dawo suka ɗauki faifai na uku a wani ƙaramin situdiyo a Manhattan. A nan rigima ta tashi. Manajansu yana son sayar da aikin ga babban kamfani da zai yanke waƙoƙin ya gajarta su, Owen ya ce bai yarda ba. Wata rana a Oktoba aka nemi uwar tef ɗin aka rasa, wato wadda daga ita ake buga duk sauran. Aka nemi Owen shi ma aka rasa. A makon ƙungiyar ta watse, faifan bai taɓa fitowa ba. Da masoyansu suka zo rubuta tarihin ƙungiyar a mujallarsu, sai suka ce an ga Owen ya shiga wani lungu a Canal Street da kwali, ya fito babu kwali. Kowa ya san sana'ar kwafar sata da ake yi da kaset a titin nan. Sauran labarin suka cike shi da kansu, suka kuma buga hoton Baba yana tsugune a kan rediyo.

Manajan ya zo da lauya. Mai agoguna yana nan tsaye, ya ji komai, shi ya ba ni labari.

“Tef ɗin yana wurinka?”

“Ku tambayi Owen.”

“Ba mu san inda yake ba. Kai muke tambaya. Yana wurinka ko ba ya wurinka?”

“Ku tambayi Owen.”

Da ya ce babu, da an wuce wurin. Bai ce babu ba, bai ce akwai ba. To, mai gaskiya me zai hana shi buɗe baki? Haka na yi tunani, haka kowa ya yi.

Hoton ya iso Morrisania ta hannun ɗan wani da ke jami'a, ya zaga gida-gida. Malam Tamimu, shugaban ƙungiyarmu, ya kira Baba ya tambaye shi a gaban dattawa, ya sami amsar da lauya ya samu. Aka karɓi makullin masallaci daga hannunsa, aka ba wani kula da lasifika. Mahaifina ya daina kai masa gyara. Ni kuwa in na ga yana cikin lif, sai in yi kamar na yi mantuwa a sama, in bar shi ya wuce.

Shi ma bai taimaki kansa ba. Wani babban shagon kayan wuta a Bronx ya neme shi aiki, kusa da gida, da ɗumi lokacin sanyi, ya ƙi. Ruwa ya shiga lungun sau biyu, aka nuna masa wuri mafi kyau a titi na gaba, ya ƙi. Duk bayan wata uku sai ya ja ƙofa da tsakar rana ya kulle kansa awa guda, ana jin wani inji yana juyawa a ciki. Aka ce ga shi nan, kwafa yake yi. Yayansa ya rasu a Kumasi a 1995, bai je ba. Aka ce tsoron filin jirgi yake yi, kar a kama shi.

A Satumba, wata Lahadi bayan la'asar, ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Mahaifina ya buɗe, bai matsa daga bakin ƙofar ba.

“Alhaji, yarinyarka mai karatu nake so. Turanci layi uku za ta rubuta mini.”

“Inusah, in maganar kotu ce, ka nemi lauya. Kar ka sa mini 'ya a ciki.”

“Ba kotu ba ce. Ka zauna ka ji da kunnenka. In ba ta yi maka ba, ka yaga.”

Aka kira ni. Ya faɗa da Hausa, na juya: “Owen, ni ne Inusah. Ina nan inda ka bar ni. Idona ya fara mutuwa, ina so in tafi gida a Disamba. Ka zo da ƙafarka.” Ya ce a aika wa mujallar nan, ita dai wadda ta buga hotonsa.

Na rubuta. A raina na ce wannan wasiƙar neman fansa ce, an lulluɓe ta da tausayi, kuma da rubutuna za a kama su. Har kwafi na yi na ɓoye a cikin ƙamus, ko da wata rana alƙali zai tambaye ni. Asabar ɗin da ta biyo baya na kasa zama, na tafi Canal Street wurin Hajiya Zeinabou, mutuniyar Maraɗi, wadda teburinta ke jikin ƙofarsa tun kafin a yi wannan magana.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke ɗiyar Alhaji ce, mai gudun lif? Zauna. Bon, tunda shi da kanshi ya aika takarda, bakina ya buɗe.”

Ta ce tana nan ranar. Owen ya zo da azahar, fuska fara fat, da ganinsa ya kwana biyu bai ci abinci ba. Ya ajiye kwali a kan benci ya ce wa Baba ya riƙe masa, kar ya ba kowa sai shi, kar kuma ya faɗa wa kowa, sati biyu zai dawo.

“Sai Inusah ya leƙo ya ce, Hajiya, zo ki zama shaida, ajiya ce. Sau uku yana tambayar yaron, hannunka kaɗai? Yana cewa e. Sati biyu, ɗiyata! Ga mu a shekara ta bakwai.”

Ban yarda da ita nan take ba. Maƙwabta ne, wa ya sani ko tare suke ci? Na ce, “To kulle ƙofar da yake yi fa?”

Ta yi dariya har ta riƙe tebur. “Tef in ya daɗe a naɗe mannewa yake yi, ya lalace. Warware shi yake yi daga wannan faranti zuwa wancan, ya sha iska. Kuma sai ya cire wayar lasifika kafin ya kunna.”

“Wai bai taɓa saurara ba?”

“Ajiya aka ba shi. Wa ya ba shi saurare?”

Na tashi da rabin zuciya. Akwai wani shagon tsofaffin faifai da ke tara mujallar nan tun fitowarta ta farko. Na yi Asabar biyu a tsaye ina bin ta shafi-shafi, mai shagon yana hararata, yana zaton wani abu zan sa a jaka. Abin da nake nema guda ɗaya ne: ko akwai wanda ya taɓa cewa ya ji waƙa ko da ɗaya daga faifan da ya ɓata. Waɗannan mutane ne da in Owen ya yi tari a kan dandali sai sun rubuta ranar. Babu. Shekara bakwai, a titin da ake kwafar sabon fim kafin ya yi mako, babu ko baiti ɗaya da ya fita. Na mayar da mujallun inda suke, na fita.

Baba, kai ne wanda aka ba amana da baki kawai, babu takarda babu sa hannu, daga hannun baƙon da ba addininku ɗaya ba, ba garinku ɗaya ba. Kai ne ka ƙi aiki mai ɗumi ka zauna a lungu mai yoyo, don mai kayan nan kaɗai ya sani. Muna wuce ka a matakala muna ɗauke kai, kana yi mana sallama.

Wasiƙar ta fito a Oktoba, sai Canal Street ta cika da masu zuwa karɓa. Wani ya ce shi ƙanen Owen ne. Wata ta zo da takarda mai sa hannu. Manajan ma ya dawo, wannan karon da murmushi da kwalin alewa. Kowa amsa ɗaya ya samu: “Da ƙafarsa.” Baba bai sayi tikiti ba. Ya ce wa mahaifina in mai kaya bai zo ba, shi ma ba ya tafiya. Mahaifina ya ce ya ɗauki kwalin ya tafi da shi Kumasi mana. Baba ya ce, “A nan ya bar ni. In ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, na zama abin da kuke faɗa.” Ƙanwarsa guda ce ta rage masa a gida, ita ma ta tsufa, kuma likita ya ce idon nan ba zai jira shi ba.

Asabar ashirin da ɗaya ga Nuwamba, da hantsi, ina teburin Hajiya da sauran tambayoyina, sai ga wani Bature mai ƙiba, mai sanƙo, da kwat irin ta manoma. Ya tsaya a bakin lungun ya ce, “Inusah.” Ya miƙa fasfo.

Baba bai ko karɓa ba. Da Turancinsa na Gana, da sunan da suke kiran Bature a can, ya ce, “Oburoni, a titin nan, in ka ba ni awa biyu zan kawo maka fasfo mai sunana da fuskarka.”

Hajiya ta taso ta zagaya mutumin kamar mai taya akuya. “Inusah, ba shi ba ne. Wancan siriri ne kamar tsintsiya, da gashi har kafaɗa. Wannan mutumin ya ci wancan sau biyu.”

Baba ya fara tambaya. Wace rana ka zo? Bai sani ba. Kwalin wane launi ne? Bai tuna ba. Wa ke tsaye a wurin? Ya dubi Hajiya, ya girgiza kai. Ya ce bayan ya bar New York ciwon ƙwaƙwalwa ya kwantar da shi shekara biyu a asibiti, daga nan ya tafi wani tsibiri a Scotland yana aikin gona, kuma watannin nan duk sun goge masa. Shi a zatonsa kogi ya jefa tef ɗin, sai da mai gangarsu ta aiko masa da mujallar. A raina na ce wannan ya fi sauran wayo, ya zo da ƙaryar da ba a iya kamawa.

Baturen ya mayar da fasfonsa aljihu. Ya ce, “Ka yi daidai. Ni ma da ni ne, ba zan ba ni ba.” Ya juya.

“Tsaya. Ba ni hannunka na hagu.”

Baba bai duba da ido ba, idon ba ya aikin nan yanzu. Da babban yatsa ya bi tafin hannun a hankali, har ya tsaya a kan wani tabo mai tsawo. Ya daɗe a wurin.

“Zuwanku na farko,” in ji shi, “kana ta surutu, ka ɗauki ƙarfen dalmata ta wajen wuta. Ni na shafa maka man kaɗe. Har yau ba ka iya tsayawa shiru ba?”

Ya durƙusa ya jawo kwalin daga bayan tsofaffin rediyoyi, a naɗe cikin atamfa. Kafin ya miƙa sai ya waiwaya. “Hajiya, zo ki ga na mayar.” Owen ya rungume kwalin yana kuka kamar yaro, mutane suka tsaya kallo, mai agoguna yana korarsu. Da ya sami numfashi ya tambayi Baba yadda ya ji waƙoƙin. Baba ya ce, “Ban ji ba.” Owen ya ce me zai yi masa? Baba ya ce, “Ranar Juma'a ka zo Morrisania.”

Ya zo. Bayan an sauko daga masallaci aka taru a ɗakin ƙungiya, ya tsaya da safa a ƙafa ya faɗi komai, mahaifina yana fassarawa ga waɗanda Turancinsu bai kai ba. Ya gama ya zauna. Sai Malam Tamimu ya gyara murya.

“To, wa ya tabbatar mana wannan Baturen ba hayarsa aka yi ba?”

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba, don ba shi kaɗai ne abin ya zo wa a rai ba.

Baba ya ce, “Malam, ban kawo shi don ka yarda ba. Na kawo shi don yau ne aka sake mini baki. Ka ji, sauran naka ne.”

Malam Tamimu ya sunkuyar da kai. Sannan ya tashi, ya taka har inda Baba yake zaune, ya ce, “Inusah, mun zalunce ka. Ni na fara. Ka yafe mana.”

“Na yafe. Amma in tambaye ku. A shekara bakwai, mutum nawa ne a ɗakin nan ya zo lunguna ya zauna muka sha shayi?”

Babu wanda ya ɗaga hannu. Ni ina can baya wajen mata, na rasa inda zan sa idona.

Ba zan ɓoye ba, har yanzu akwai abin da ke damuna. Da ya ja liman gefe tun farko ya raɗa masa gaskiya, da bai sha wannan wuya ba, da ya je jana'izar yayansa da sunansa a wanke. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Ya cire tabaransa ya ce, “Ya ce kar in faɗa wa kowa. Liman ba kowa ba ne?” Ban san ko ya yi daidai a nan ba, malamai sun fi ni sani. Na dai san cewa mu da muka zarge shi ba mu da bakin yi masa gyara.

Ko faifan zai fito, Owen bai yanke ba tukuna. Na ji masoyansa yanzu shi suka koma zargi, wai ya shirya duk wannan ne don a sake maganarsa. Su ta shafa. Ya dai rubuta wa mujallarsu da hannunsa cewa a gyara tarihin ƙungiyar, a sa sunan Inusah a inda ya dace. Litinin da ta biyo bayan Juma'ar nan Baba ya sayi tikitinsa.

Baba Inusah, mai riƙon amana, mun gode. Mun gode da rediyoyin da ka tayar mana muka ji labarin gida, mun gode da sallamar da ba ka daina yi mana ba lokacin da ba ma amsawa da kyau. Ni ma ka yafe mini. Allah ya kai ka Kumasi lafiya, ya bar maka hasken da za ka ga fuskar ƙanwarka da shi.

Mu kuma da muka rage a nan, dukkanmu baƙi ne, kullum wani yana barin wani abu a hannun wani: makulli, akwati, takarda, magana. Wanda aka ba, ya riƙe yadda wannan dattijo ya riƙe. Wanda ya ji an zargi ɗan'uwa, ya taka ya je ya zauna da shi kafin ya ɗauke kai. Kuma duk mai rediyo ko rikoda a lungun Canal Street ya je ya karɓi abinsa kafin ranar Alhamis. Ya gyara su duka, ya ce ba zai hau jirgi da kayan kowa a wuyansa ba.